Karatun nesa a Zamfara: a biya mai jan biro kafin a sayi kwamfuta

A ranar 1 ga Satumba, 2021, 'yan bindiga suka faɗa makarantar sakandaren jeka-ka-dawo ta garin Kaya, a ƙaramar hukumar Maradun, suka tasa ƙeyar ɗalibai 73 zuwa daji. A ranar gwamnatin Bello Matawalle ta ba da umarnin rufe makarantun jihar. Kwana biyu bayan haka Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su katse layukansu a faɗin Zamfara. Mako biyu aka ce da farko, amma garuruwa da yawa sun haura wata biyu ko gaisuwa ba a iya yi ta waya. Kafin Kaya an yi Jangebe, a ƙaramar hukumar Talata Mafara, inda aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar kwana ranar 26 ga Fabrairu. An kuma yi Bakura a tsakiyar Agusta, inda aka ɗauke ɗalibai 15 da wasu ma'aikata daga Kwalejin Aikin Gona da Kiwon Dabbobi. Ƙananan hukumomi uku maƙwabtan juna, cikin ƙasa da wata bakwai, kowace ta ɗanɗana. Sai a Janairun 2022 aka fara buɗe makarantu, su ma ba duka ba. Duk mai son ya yi maganar koyar da 'yan aji shida daga nesa a wannan yanki, daga waɗannan ranaku ya kamata ya fara lissafi, domin a mako ɗaya aka kulle aji aka kuma kulle intanet.

Na kawo wannan ne saboda tun kullen korona na 2020, duk lokacin da aka rufe makarantu magana ɗaya ke fitowa daga bakin jami'ai da 'yan kwangila: a raba kwamfutar hannu, a buɗe dandali, a ɗora darussa. Akwai ma dandalin Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar tare da UNICEF a 2022, cike da darussa kyauta, kuma ba abin rainawa ba ne. Sai dai ni a ganina, darasin Turanci na nesa ga ɗan ajin ƙarshe ana auna shi ne da yawan rubutun da yaron ya aiko, wani malami da aka san sunansa ya karanta, ya bi shi da jan biro, ya mayar masa ya sake. Yawan abin da aka tura wa yaro ba ma'auni ba ne. Tsarin da babu wannan kai-da-kawo a cikinsa, ko nawa aka zuba masa, wa'azi ne kawai a kan Turanci. Sannan a Mafara da Bakura da Maradun akwai ƙarin sharaɗi, wato tsarin ya iya ci gaba da tafiya ranar da aka wayi gari babu sabis.

Mu duba abin da ke jiran yaron a zauren jarrabawa. Takardar Turanci ta WAEC kashi uku ce: tambayoyin zaɓi, sai babbar takardar da ta haɗa insha'i da auna fahimta da taƙaitawa, sai gwajin furuci. Insha'in kalmomi kusan 450 ne, maki 50, kuma an raba makin gida huɗu: 10 na abin da aka faɗa, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 na tsabtar rubutu. A wannan gida na ƙarshe kowane kuskuren nahawu ko na haɗa baƙi ko na alamar rubutu rabin maki yake ci, ke nan kuskure 20 ya share goman nan tas. Wanda ya taɓa riƙe takardar ɗan sakandaren ƙauye ya san ba a kai ƙarshen shafin farko ake cika ashirin ɗin. Ba tare da kiredit a Turanci ba kuwa ƙofar jami'a a rufe take, ko yaro ya kwashe sauran darussa, kuma JAMB ma ba ta yafe wa kowa Turanci. Rediyo na iya koyar da furuci, har ya fi wasu malaman aji iyawa, musamman wajen raba harafin p da f da ke wahal da Bahaushe. Manhaja na iya horar da yaro kan tambayoyin zaɓi. Amma insha'i da taƙaitawa, inda mafi yawan makin yake kuma inda yaranmu ke zubewa, babu mai koyon su da kunne.

Abin da ke faruwa a kan takarda ƙanana ne, shi ya sa darasin gama-gari ba ya kama su. Yaro ya fara ba da labari da lokacin da ya wuce, a layi na huɗu ya zame zuwa na yanzu bai sani ba. Ya jera jimla biyar da waƙafi babu aya ko ɗaya. Ya rubuta wasiƙar neman aiki da gaisuwar da ta dace da abokin ƙwallo. A taƙaitawa an ce ya faɗi dalilai uku da kalmominsa, sai ya kwafo sakin layi sukutum daga nassin, yana ganin ya burge. Wata kuma tana da hujja mai kyau a ka, amma ta yi tunanin da Hausa ta juya shi kalma bayan kalma, jimlar ta fito a birkice. Mai darasin rediyo zai iya yin bayanin kowane ɗaya daga cikin waɗannan sau goma, yaron ya gyaɗa kai, domin bai san da shi ake ba. Ranar da ya ga jan biro ya kewaye kalmar da shi ya rubuta da hannunsa, an ce masa ga inda ka zame, sake wannan sakin layi ka kawo ranar Talata, ranar ya fara koyo. Yaron tela ma ba da kallo yake ƙwarewa ba, sai ya ɗinka maigidan shago ya farke ya ce a sake.

Binciken da aka yi a wasu ƙasashe yana goyon bayan wannan, ko da yake ba kai tsaye ba. Ƙasar Peru ta raba ɗaruruwan dubban ƙananan kwamfutoci ga 'yan firamare a shirin kwamfuta ɗaya ga kowane yaro, amma da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya auna sakamakon a 2012 bai ga ƙarin komai a lissafi ko a harshe ba. A Botswana lokacin korona, Noam Angrist da abokan aikinsa sun gwada hanya mai arha a gidaje kusan 4,500: wasu aka riƙa tura musu saƙon tes na aikin lissafi duk mako, wasu aka haɗa musu da kiran waya na minti 15 zuwa 20. Saƙon shi kaɗai bai bar wani tasiri mai ɗorewa ba, saƙo da kira ne suka ɗaga yaran. Adalci ne a faɗi cewa a Saliyo an gwada kiran waya daga malamai a kan darussan rediyo, kuma masu binciken ba su ga ƙarin ilimi ba. Yadda na fahimci bambancin shi ne, kiran da ke maimaita darasin kowa da kowa rediyo ne kawai na mutum ɗaya, kiran da ke aiki shi ne wanda ya tsaya a kan inda wannan yaron ya maƙale. A nan gida, gwajin da Bankin Duniya ya yi a birnin Benin na jihar Edo a 2024, inda 'yan sakandare suka yi mako shida suna koyon Turanci da manhajar ƙirƙirarriyar basira, ya ba da sakamako mai kyau, kuma masu tallar na'ura suna yawan kafa hujja da shi. Abin da suke tsallakewa shi ne a ɗakin kwamfuta na makaranta aka yi shi, da wuta da intanet, malamai suna tsaye a kan yaran.

To, yaya za a yi a garin da wuta sai an yi sa'a, waya kuma ɗaya ce a gida, ita ma tana aljihun maigida? Kayan aikin suna nan, haɗa su ne ba a yi ba. Darasin mako ya fita ta Rediyon Zamfara ko Pride FM ta Gusau, a kuma ɗauki muryar a zuba a katin memori, domin a kowace tasha da bakin kasuwa akwai matasa masu cajin waya da tura fina-finai, kuma turin nan ba ya bukatar sabis. Aikin rubutu ya zo a bugaggiyar takarda, shafi ɗaya ko biyu, ɗauke da nassin karantawa da tambayar insha'i. Yaro ya rubuta amsa a falle biyu na tsakiyar littafi, ya kai wurin da aka ajiye a unguwarsu, ko makarantar firamare ko zauren mai unguwa, mutum ɗaya ya tattara ya kai wa mai gyara. Idan akwai sabis, a ɗauki hoton takardar a tura ta WhatsApp, a rage zirga-zirga. Idan an katse, takarda ta bi motar kasuwa kamar yadda saƙo ya saba bi. Bayan gyara, kira na minti biyar a kan kuskure biyu ko uku kawai, ba duka ashirin ba, domin takardar da ta koma ja jawur kashe gwiwa take yi. Wanda ya rasa waya a rubuta masa bayanin a ƙasan takardarsa.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Kafin jami'o'i su yawaita, ma'aikata da malaman makaranta da yawa a Nijeriya ta gidan waya suka yi karatun GCE da kwalejoji irin su Rapid Results da Wolsey Hall na Ingila: a aiko darasi a ambulan, ka rubuta amsa ka aika, ta dawo da gyara bayan makonni. Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, NTI, wadda aka kafa a 1976, a kan bugaggun darussa da cibiyoyin haɗuwa na ƙarshen mako ta horar da dubban malaman firamare. In aka koma baya sosai, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta kai karatu ga matan ƙauyukan da ba za su iya zuwa wurinta ba ta hanyar 'Yan Taru, inda jaji ke zuwa ta karɓi darasi ta koma ta koyar. Duka ukun babu wanda ya jira wutar lantarki, kuma duka ukun akwai mutum a tsakani wanda ke sauraron ɗalibi ya gyara masa.

Sai maganar rubutun bincike, inda na san za a fi ja da ni. Za a ce WAEC da NECO ba sa tambayar kundin bincike, yaron da ya rage masa wata shida ya shiga jarrabawa kuma bai iya jimla ba, ina shi ina bincike? A ba shi tsofaffin tambayoyi ya yi ta bita. Akwai gaskiya a ciki, kuma ban ce a ajiye tsofaffin tambayoyi ba. Amma abin da nake nufi da bincike a wannan mataki ɗan ƙarami ne: shafi uku zuwa huɗu, tambaya ɗaya, madogara uku, a rubuta shi sau uku cikin zango guda. Wanda ya yi wannan ya karanta nassi ya fitar da jigonsa, wato auna fahimta. Ya faɗi maganar wani da kalmominsa, wato taƙaitawa. Ya jera hujja ya amsa wa mai musu, wato insha'in muhawara da maƙalar jarida da rahoto, waɗanda duk suna fitowa a jarrabawar. Haddar insha'in wani kuwa, wadda ita ce sana'ar darasin gaggawa, tana rushewa da zarar an sauya kalma biyu a tambaya. Ban da haka, wanda ya tsallake zai je Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau a nan Talata Mafara, ko Kwalejin Ilimi ta Maru, ko Jami'ar Tarayya ta Gusau, kuma can za a nemi kundin kammala karatu. Kowa ya san yadda ake sayen kundin nan a shagunan kwamfuta na bakin makarantu, a sauya suna da shekara. Ɗalibin da bai taɓa rubuta shafi uku nasa na kansa ba, me zai hana shi saye?

Kuma karatun nesa ya fi karatun aji bukatar irin wannan aiki, saboda dalili guda: malami ba ya ganin hannun da ya yi rubutun. Ka ba yaro insha'i a kan illar shaye-shaye ko amfanin ilimin 'ya mace, in akwai sabis manhaja za ta rubuta masa cikin daƙiƙa goma, in babu zai kwafo daga littafin yayansa. Maganin abin shi ne a ba shi tambayar da amsarta ba ta cikin waya. A nan yankin yana da arzikin da ba a taɓa ba, kuma mafi girmansa shi ne Bakolori. Madatsar ruwan da kamfanin Impresit na Italiya ya gina a kan gulbin Sakkwato, aka kammala a 1978, ita ce ta ɗaure Maradun da Mafara da Bakura da igiya ɗaya. An tsara ta shayar da kadada kusan 23,000. Ta tashi garuruwa, ta sauya noman fadama a ƙasa da ita, kuma a Afrilun 1980, zamanin Shehu Shagari, 'yan sanda suka buɗe wuta kan manoman da ke neman diyyar gonakinsu. Björn Beckman, ɗan ƙasar Suwidin da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya yi rubutu a kan rikicin. W. M. Adams na Ingila ya yi a kan abin da madatsar ta yi wa manoman fadama. Jikokin mutanen da abin ya faɗa wa suna aji shida yau, kakanninsu na zaune a zaure, amma insha'in da ake ba su shi ne yadda suka yi hutun ƙarshen zango.

A Bakolori kaɗai akwai darasin da ya fi kowane babi na littafin koyon bincike. Adadin waɗanda suka mutu a 1980 da hukuma ta bayar bai kai 30 ba, wasu majiyoyi kuwa ɗaruruwa suke faɗa. Ɗalibar da aka sa ta rubuta adadi biyun, ta faɗi wanda ya kawo kowanne, ta tambayi kanta me ya sa suka saɓa, ta kuma ƙi zaɓar wanda ya fi daɗin faɗa ba tare da hujja ba, ta koyi abin da wasu masu digiri ba su koya ba. Ba sai an je ga abin baƙin ciki ba ma. Yaro na iya bin farashin tiyar shinkafa a kasuwar Talata na mako shida, ya tambayi 'yan kasuwa uku dalilin hawa da sauka, ya zana ɗan jadawali. Wani ya tambayi manoman rani abin da ke hana ruwa isa ƙarshen kwalbati. Wata ta bi yadda ake sarrafa shinkafa a gida, daga turarawa zuwa shanya zuwa inji, da abin da mai sana'ar ke samu a buhu. Faɗin madogara kuwa, yaron da ya yi Islamiyya ya riga ya san shi, domin ya san ba a karɓar hadisi sai da isnadi, kuma ya san akwai ingantacce akwai mai rauni. Abin da ya rage a nuna masa shi ne ƙa'idar nan tana aiki a kan maganar kakansa da ta jarida da ta Facebook. Hirar da Hausa za a yi ta, bayanan farko ma da Hausa, sannan a zauna a gina rahoton da Turanci. Yaro ya fi iya faɗa da baƙon harshe idan ya riga ya san abin da yake son faɗa.

Akwai ƙorafin da ya fi na jarrabawa nauyi, shi ne na tsaro. A yankin da kalmar infoma ke iya jawo wa mutum kisa, sa yaro ya riƙa yawo da littafi da biro yana tambayar mutane ba wasa ba ne. Wannan gaskiya ce tsantsa, kuma malamin da ya yi sakaci da ita bai cancanci aikin ba. Amsar ita ce a ja iyaka tun daga farko. Babu batun 'yan bindiga, ko 'yan sa-kai, ko haƙar zinariya, ko wane ne ke da shanu nawa. Babu fita bayan gari. Waɗanda za a tambaya su zama na gida ko na unguwa, da sanin uba ko mai unguwa, kuma ba dole a rubuta sunan kowa ba, a ce wani manomi mai shekara kaza ya wadatar. Wannan ma darasi ne, domin kare wanda ya ba ka bayani yana cikin ladubban bincike a ko'ina.

Sai a ce ina malaman? Malaman Turanci ba su ishi azuzuwa ba ko a lokacin zaman lafiya, kuma wanda albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata ba za a ɗora masa tarin takardu a ce ya yi don Allah ba. Mu yi lissafi a fili. A ƙiyasina gyaran insha'i ɗaya da kyau minti goma ne, kira minti biyar. Mai gyara ɗaya da ɗalibai 30 zai ba da sa'a bakwai da rabi a mako. Aiki ne, amma ba wanda ya fi ƙarfin mutum ba, musamman lokacin da aji ke rufe. Kuma gyara daga nesa yana da wata falala da aji ba shi da ita: mai gyaran ba sai yana garin ba. Malamar da ta ƙi karɓar canjin aiki zuwa ƙauye don tsoron hanya tana iya gyara takardun ƙauyen daga Gusau. Akwai malaman da suka yi ritaya, akwai masu NCE da digirin Turanci da ke zaune ba aiki, akwai waɗanda ke zuwa gyaran takardun WAEC da NECO duk shekara, sun san ma'aunin a ka. A biya su a kan kowace takarda da aka gyara aka mayar, shugaban sashe ya riƙa zaro wasu yana dubawa don kada abin ya koma sa hannu kawai. Kuɗin kwamfutar hannu ɗaya zai biya gyaran takardu masu yawa. Matsalar dai, in za a faɗi gaskiya, ita ce gyaran takarda ba ya ɗaukar hoto, ba a yanka masa kyalle, kuma babu kwangila a cikinsa.

Game da 'yan mata, iyaye da yawa ba za su yarda wani namiji ya riƙa kiran 'yarsu budurwa a waya ba, ko da sunan karatu, kuma ba laifinsu ba ne. Bayan Jangebe ma wasu ba su sake sakin jiki da makaranta ba sam. Idan aka yi watsi da wannan, tsarin zai zama na maza zalla ba tare da kowa ya ce haka ba. Takardun 'yan mata su tafi hannun malamai mata, kiran ya shigo ta wayar uwa ko uba a lokacin da aka sani, a buɗe murya kowa ya ji. Yarinyar da aka hana komawa makarantar kwana, wannan ce kaɗai hanyar da za ta kai ta zauren jarrabawa da shiri.

Masu son na'ura suna da hujja ɗaya mai ƙarfi. JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, WAEC ta fara jarrabawar kwamfuta ga masu zaman kansu a 2024, kuma Ministan Ilimi Tunji Alausa ya bayyana aniyar mayar da WAEC da NECO kan kwamfuta. Yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba an zalunce shi. Haka ne, kuma a ba shi kwanaki a cibiyar kwamfuta ya saba kafin ranar. Amma sabo da madannai aikin 'yan kwanaki ne, gina sakin layi aikin watanni. A jarrabawar WAEC ta 2024 ɗin ma, tambayar insha'i a allon kwamfuta ta fito, amsar kuwa a takarda aka rubuta ta da biro. Ko ranar da aka koma bugawa gaba ɗaya, kuskure ashirin ɗin nan zai bi yaro har kan allo.

Ƙorafi na ƙarshe shi ne wanda ban da cikakkiyar amsarsa, wato kada karatun nesa ya zama mafakar gwamnati, ta bar makarantu a rufe ta ce ai ana karatu. Haɗarin na nan. Babu rediyo ko takardar da ta kai aji mai malami da allo da abokan karatu, kuma haƙƙin yaron Kaya ne ya zauna a ajinsa lafiya kamar yaron Abuja. Amma ƙin yin shiri bai taɓa hana rufe makaranta ba. Abin da ya faru a Maga ta jihar Kebbi da Papiri ta jihar Neja a Nuwamban 2025, da rufe makarantun da ya biyo baya a jihohi da dama, ya nuna ba a rabu da Bukar ba. WAEC kuwa jarrabawar ƙasashe biyar ce, ba ta ɗage ranarta don an rufe makaranta a Maradun. Ɗan aji ɗaya yana da shekaru a gaba da zai cike giɓi, ɗan aji shida ba shi da su. Kuma tsarin da na bayyana ba ya lalacewa idan makaranta na buɗe: insha'i ɗaya a mako da ake gyarawa a mayar abu ne da yawancin makarantunmu ba sa yi ko a yanzu.

Gwamnatin Dauda Lawal ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Nuwamban 2023, ta kuma biya basussukan WAEC da NECO da suka sa aka riƙe sakamakon ɗaliban jihar na shekaru. Wannan ya mayar da yara zauren jarrabawa, saura abin da za su rubuta idan sun zauna. Ya kamata Ma'aikatar Ilimi a Gusau ta fara da ƙananan hukumomin nan uku tun makarantu na buɗe, ba a fafe gora ranar tafiya: kowace sakandare ta rubuta sunayen 'yan aji shida da unguwanninsu da wayar da za a same su, a haɗa kowane talatin da mai gyara ɗaya da suka san sunansa, a buga takardun zango guda a ajiye a ofishin shiyya, a sa kuɗin masu gyara a kasafi da layinsa daban. Ku kuma iyaye, duk ranar da aka ce muku ana koyar da ɗanku daga nesa, ku ce ya kawo takardar da aka gyara masa a makon nan ku gani. In babu, ku je ku tambayi shugaban makaranta dalili.